Riɗinmu Ya Nuna, Babu Masu Yanka

Gadarif, 9 ga Oktoba

Yaya Munir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Raihana da yara, ya sauƙaƙa maka aiki da zafin Jidda. Mu nan alhamdu lillahi. Inna na fama da gwiwa kamar kullum, ƙanwarmu Hiba ta sauka lafiya, an sami mace, sunanta Tasneem. Baba kuwa, tun shanyewar ɓarin jikin da ta kwantar da shi kafin damina, hannu ya fara motsi, baki ne dai har yanzu da nauyi. Rubutu na zaɓa, zan turo maka hotonsa ta waya yanzu, don in na kira ka kuka zai hana ni magana.

Yaya, a tsorace nake. Riɗinmu na gonar Doka ya nuna gaba ɗaya lokaci guda, kuma ba mu da masu yanka. Ka daɗe rabonka da gona, bari in tuna maka: riɗi ba ya jira kamar dawa. Da ganye ya yi ɗorawa ya fara kaɗewa, 'yan kwanaki ne kwanso ya buɗe baki ƙwaya ta zube, kuma ba mahalukin da zai tsinto ta daga tsagar baƙar ƙasar nan. Riɗin nan shi ne cinmu na shekara, shi ne maganin Baba, shi ne man da nake matsa ina kai wa kasuwa. Bana ko ƙwayar dawa ɗaya ba mu shuka ba.

Ka tuna yadda muke tsokanar Baba da sarkin jinkiri, don yana raba gonar uku, ya shuka kowane kashi da ratar kwanaki? Ashe mu ne ba mu da wayo. Yana yi ne don riɗin ya riƙa nuna bi da bi, mutane kaɗan su iya gamawa da shi. Da ƙaninmu Lukman ya karɓi gonar, ya sami tarakta ta yini biyu, sai ya shuke ta kaf, har da wajen dawa, wai riɗi ne ya yi kasuwa bara. Na yi magana, ya ce in tsaya ga matsar maina. Wallahi ba rago ba ne, ya fi kowa shiga rana, gonar kuma ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba. Noma ya iya, mutane ne bai iya ba.

Ka san Awad, shugaban masu yankan da ke zuwa mana daga Hawata kowace kaka. Baba kan aika masa da jarkar man riɗi kowace Sallah, ranar fara yanka kuma ya zauna a ƙasa ya ci tuwo da miyar busasshen kifi a kwano ɗaya da su. Lukman ya ce duk ɓata lokaci ne, ɗan ƙodago inda aka biya shi yake zuwa. Wannan ma da sauƙi. Mahaifiyar Awad ta rasu a tsakiyar damina, Lukman bai taka ya je ta'aziyya ba, saƙo ya tura ta waya yana gona wajen shemar ciyawa. Shekaranjiya ya tafi Hawata nemansu. Awad ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka dafa masa gahawa, ya tambayi jikin Baba har da hawaye, sannan ya ce ya riga ya ba wani mai gona alkawari. Lukman ya dawo ko ruwa ya kasa sha. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi.

Baba bai sani ba, amma yana ƙirga kwanaki a kwance. Jiya ya yi ta fama da harshensa har muka gane yana tambaya ko an gama kashi na farko. Inna, wadda ban taɓa jin ƙarya a bakinta ba, ta ce masa an gama, ta fita bayan ɗaki ta daɗe ba ta dawo ba.

Ga roƙona. Kai da Awad tare kuka yi karatun allo, yana jin nauyinka. Ka kira shi. Don Allah kada ka fara da zancen aiki, ka fara yi masa ta'aziyya da sunan gidanmu, ka ba shi haƙuri, sannan ka roƙe shi ko da rabin mutanensa ne. Mu dai gobe da asuba za mu hau lori, ni da Lukman da kawu Sale da matan maƙwabta shida, kowa da laujensa. Na san ba za mu ci ko kusurwa ɗaya ba, amma ba zan iya zama a gida ba.

Inna na gaishe ka tana sa maka albarka. Kawu Sale da Hiba suna gaisuwa. Ka gaida Raihana, ka shafa min kan yara. Ka kira shi yau, Yaya, kada ka bari sai gobe. Lukman ya ce da ya ratsa gefen gonar da safe, ya ji ƙwaya tana zuba a kan takalminsa.

Ƙanwarka,
Atine