Kasaken Goggo Safina a Hanyar Legas

Agege, Legas
Farkon watan Shawwal

Zuwa ga Goggona Safina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan an yi Sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Takarda na rubuto saboda na san halin wayarki, da an kira sai layin ƙasar Benin ya fizge ta.

Goggo, albishirinki. Kasaken turaren wutan da kika aiko sun yi farin jini. Wata Hajiya Mashkura mai babban shagon turare a nan ta ga hotonsu a wayata, ta tako har gida, ta ɗaga ɗaya ta ƙwanƙwasa, ta ce rabonta da kasko mai kyan gashi haka tun tana yarinya. Na gaya mata ƙawarki Asibi ce take gina su a tsallaken iyaka, ke kuma ki zaɓa, ki yi musu zane, ki aiko. Tana son kaya masu yawa kafin Babbar Sallah, idan kuma sun iso lafiya za ta riƙa karɓa duk wata.

Sai dai tsumman da kike naɗe su da shi bai isa ba, da yawa sun zo baki a ɓantare. Shi ya sa na ba Lawal direba buhuna biyu na farin soson nan da ake cusawa a kwalin talabijin da firji. Ki gutsuttsura shi ki cike kowane lungu na kwali. Da shi kowa yake aika kaya a nan.

Na san abin da cinikin nan yake nufi a wurinki. Ɗanki Sufyan, taubashina, ya kira ni yana ta zancen ɗakin da yake gina miki a Birnin Kebbi. Ya ce kun yi magana, in sana'ar ba ta kama ƙasa ba zuwa Babbar Sallah, za ki rufe gidan marigayi mijinki ki koma wurinsa. Na ce masa kada ya yi saurin sayen fenti.

Ki gaida Inna Rabi maƙwabciyarki. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗiyarki,
Hamdiyya

Bagudo
Ƙarshen Shawwal

Zuwa ga ɗiyata Hamdiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya fara sauka, mutane sun duƙufa gona. Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya yi miki albarka bisa wannan Hajiyar da kika samo mana.

Sosonki ya iso, kuma ba zan tauye masa haƙƙi ba, yana da kyau. Ba nauyi, ba ya jin ruwa, na cusa kasko a cikinsa na saki kwalin daga kan turmi, ko gezau. Kwana biyu ina yabonki a unguwa.

Daga nan labari ya juya. Ba ki gaya mini cewa abin nan in an gutsura shi haihuwa yake yi ba. Ƙananan 'ya'yansa suka manne mini a hannu, a zane, a gashin ido. Iska ta taso da la'asar ta kwashe su ta bi gida gida tana rabawa. Kaji suka ɗauka gero ne fari aka zuba musu. Na share na sa wuta, ya yi baƙin hayaƙi mai wari har limamin unguwa ya aiko a tambaya ko taya nake ƙonawa. Wanda ruwa ya ja kuma ya toshe magudanar ƙofar gida, saura ya nufi kogin Kwara, can ma ba ruɓewa zai yi ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Akuyar Rabi mai ciki ta samu buhu ɗaya a zaure ta yi ta ci. Cikinta ya kumbura, ta daina tuƙa, da aka ga za ta mutu aka sa mata wuƙa. Da aka buɗe tumbinta sai ga sosonki fari fat kamar yanzu aka zuba. Rabi ta tsaya a bakin zaure ta ce, “Safina, mi kinka kawo muna cikin unguwa?” Ba ta ƙara ko kalma ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kai mata ɗaya daga cikin awakina, ta karɓa da ƙyar.

To ɗiyata, na rantse ba zan sake taɓa shi ba. Amma kada ki damu, na samu abin da ya fi shi. Harawar waken da na ajiye wa awakina a kan rumfa na sauko da ita. Tana da laushi, tana dannuwa ta taso, ga ƙamshi, in ma ta zube a ƙasa abinci ce ba guba ba. Na yi wa kowane kasko sheƙa da ita, na ɗaure kwalayen, Lawal zai taso da su jibi.

Game da taubashinki, ƙyale shi. Yaro ne mai tausayi, amma ni kabarin mijina yana nan, ƙawayena suna nan.

Goggonki,
Safina

Agege, Legas
Watan Zulƙida

Goggo,

Ina gaisuwa. Allah ya mayar wa Inna Rabi da alheri, ki ba ta haƙuri a madadina, ni na jawo.

Goggo, ban san ko in yi kuka ko in yi dariya ba, na dai yi duka biyun a tasha mutane suna kallona. Kin manta lokacin da muke ciki? Motar Lawal ragunan layya ta ɗauko. Ya jera kwalayenki a gaba, ya zuba raguna a baya, ya kama hanya. Raguna masu yunwa, ga ƙamshin harawa yana fitowa ta kowace kafa. Suka yage kwalayen, suka cinye harawar tas, suka haɗa da kwalin, sannan suka yi ta tattaka kasake har Legas.

Na tambayi Lawal yadda aka yi bai lura ba, ya ce, “Wallahi Hajiya, ni dai na ji sun yi shiru tun daga Yawuri, nic ce bana Allah ya haɗa ni da raguna masu hankali.” Mai ragunan kuwa sai godiya yake yi, wai dabbobinsa ba su rame a hanya ba.

Abin da ya tsira bai cika kwando ɗaya ba. Na kai wa Hajiya Mashkura shi da kunya. Ta yi dariya har ta share hawaye, amma da ta gama ta ce ita dariya ba ta cika shago. Ta ba mu dama ɗaya, kaya su iso kafin arfa, in ba haka ba za ta koma sayen na tangaran.

Don Allah Goggo ki sauko daga rantsuwar nan, ki yi kaffara, ki yi amfani da buhun soson da ya rage. Sau ɗayan nan kawai. Duk motar da za ta taso daga nan zuwa Sallah dabbobi za ta ɗauko, kuma ko ba Sallah ba ai kayan Bagudo da dabbobi suke tafiya. Ina tsoron taurin kanki ya raba ki da gidanki.

Ɗiyarki mai ƙaunarki,
Hamdiyya

Bagudo
Ƙarshen Zulƙida

Ɗiyata Hamdiyya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta takardarki. Shekara nawa ina kiwon awaki, amma na ɗauki abincinsu na naɗe kayana da shi na sa a motarsu! Asibi da ta ji, ba ta ce komai a kan wahalar gininta ba, sai ta ce, “Aƙalla dai wani ya ci ya ƙoshi.” Muka yi dariya, ta koma ta haɗa wata wutar gashi.

Taubashinki ya zo ran Juma'a da 'yarsa Atika. Labarin raguna ya riga ya kai masa. Sai zagaya gidan yake yi yana duban kayana, na san lissafin motar kwasa yake yi. Da suka tafi na shiga ɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Har na je na kwance bakin buhun soson nan. Sai na jiyo Rabi ta katanga tana kiran akuyar da na ba ta, na mayar na ɗaure.

Ga abin da na yi. Na ce tunda dabbobi ne alƙalan, a tambaye su. Na jera wa awakina bawon masara, da tattakar gero, da buntun shinkafa, wato ɓawon nan da injin casa yake fitarwa, wanda yake tsibi tsibi a Zagga har ƙona shi suke yi don sun rasa yadda za su yi da shi. Suka cinye bawon masara, suka taɓa tattaka. Buntu kuwa babbar ta sunsuna ta yi atishawa ta juya mini baya. Ban taɓa jin daɗin raini irin na ranar ba.

Shi ma ba waliyyi ba ne. Ya fi soso nauyi, yana da ƙura, yana sa ƙaiƙayi, in ya jiƙe kuma ya zama kaya. Gwajin farko na cika kwali da shi na ba mai babur ya je Bahindi ya dawo ta hanyar nan mai ramuka. Buntun ya zurare ta kafofi, kasake suka nutse ƙasa suka yi ta gaisawa da juna, biyu suka tsage. Sai ni da Asibi muka yayyanka tsofaffin zannuwa muka ɗinka ƙananan matasai, muka cika su da buntun da muka shanya ya bushe ƙarau, muka ɗinke baki. Kowane kasko matashi a ƙasa, matashi a ciki, matasai a gefe. Mai babur ya sake zuwa Bahindi ya dawo, ba abin da ya ko motsa.

Rabi ce ta fi kowa saurin ɗinki, ita ta kawo kanta ba ni na kira ta ba. Sosonki kuma na ɗinke shi a cikin buhu biyu na yi abin jingina, daga nan ba inda za shi.

Lawal ya taso yau, da raguna a baya kamar wancan karon. Na sa ya rufe kwalayen da tampol saboda ruwa. Na yi iyakar abin da zan iya, saura na Allah.

Goggonki,
Safina

Agege, Legas
Watan Zulhajji

Goggona,

Alhamdu lillahi! Sun iso. Ruwa ya dake su a Jebba amma tampol ya tare. Raguna sun yage kusurwar kwali ɗaya, da alama sun leƙa suka ga ba riba suka bari. Kasko guda ne kawai ya tsage, shi ma na riƙe abina.

Hajiya Mashkura ta buɗe da hannunta, ta yi atishawa, ta yi mitar ƙura, sannan ta ce a kawo mata duk wata. Matasan ma ta hana ni ɗauka, da su za ta riƙa tura wa masu saye na Abuja da Fatakwal, wanda ya yage kuma ta zazzage wa kajinta shimfiɗa. Ki ce wa Inna Rabi ta ƙara zare.

Na durƙusa na ba ki haƙuri kan maganar taurin kai. Ban kira Sufyan ba, na bar miki ki gaya masa da kanki.

Barka da Sallah tun yanzu.

Hamdiyya

Bagudo
Jajiberin Babbar Sallah

Zuwa ga Baban Atika,

Bayan gaisuwa, Allah ya yi maka albarka kai da iyalinka. Kaya sun isa Legas lafiya, kuma an ce a riƙa kaiwa duk wata. In ka yi wa mai motar kwasar kaya magana, ka sallame shi.

Na san don kana so na ka gina ɗakin nan, kuma na ji daɗi har cikin raina. Kada ka ba kowa shi. Ranar da hannuna ya kasa ɗaga kwali, ni da kaina zan aiko ka zo ka ɗauke ni, ba sai ka roƙe ni ba.

Amma yau da safe na ɗaga ɗaya, kuma lafiya lau na ajiye shi.

Mahaifiyarka