Rasit Ɗin Bappa a Gwangwanin Madara

Malam Cindo, don Allah ka warware mini wannan, kaina ya ɗaure.

Ni fatoma ne a kasuwar Maigatari. Masu shanu kan sauka gidana, in nemo musu mai saye, in ɗauki la'adata. Bara hukuma ta miƙo mana littafin rasit, aka ce duk saniyar da aka sayar ta hannunmu mu cire sule biyar daga kuɗin mai ita, mu yaga masa rasit, mu kai wa malamin kasuwa kuɗin. Har yau ban gane hikimar ba. Ga ma'aikata masu albashi, me ya mai da ni mai karɓar haraji? Kuma harajin nan a kan wa yake, ni ko mai saniya?

Akwai wani dattijon Bafillace, Bappa, daga wajen Sule Tankarkar. Tun zamanin mahaifina gidanmu yake sauka, shi ya ba ni karsana ranar sunana. Farin nan ya cinye masa garke, 'yan waɗanda suka saura su yake sayarwa ɗai-ɗai ya auni hatsi. Wallahi hannuna ya ƙi cire ko kwabo daga kuɗinsa. Sai in biya daga aljihuna, in rubuta rasit da sunansa, in jefa a gwangwanin madara don kada ya gani ya ji nauyi.

Alhamis ɗin da ta wuce, ranar cin kasuwarmu, malamin kasuwa ya tare shi ya nemi rasit. Bappa bai iya ƙarya ba, ya ce shi bai taɓa biyan komai ba. Aka tsai da shi cikin rana, jama'a na kallo, ana kiransa mai gudun haraji. Kafin labari ya iske ni ya kama hanya, ko furar da aka dama masa bai sha ba. Tsorona kada ya zama zuwansa na ƙarshe ke nan. Laifi ne don na biya masa?

Fatoma Mai Neman Haske, Maigatari

Malam Fatoma, harajin na mai saniya ne, kai amana aka ba ka. An zaɓe ka don ta hannunka kuɗin suke bi, kuma makiyayi yau yana nan gobe yana daji, kai kuwa kowa ya san zaurenka.

Niyyarka mai kyau ce, malamin kasuwa ma ya yi gaggawa, da ya duba littafin rasit ɗinka da ya ga sunan Bappa. Amma aikin naka biyu ne: kai kuɗi da ba da rasit. Na farko hakkin hukuma ne, ka sauke. Na biyu hakkin Bappa ne, shi ka danne.

Ka fara kai wa malamin gwangwanin, ka roƙe shi ya wanke dattijon a gaban waɗanda suka ga an tsai da shi. Sannan kada ka jira Alhamis, ka bi shi har ruga ka faɗa masa gaskiya. In ya ce zai biya ka, karɓa, kada ka ja. Nan gaba in tausayi ya taso, la'adarka ce taka, ita za ka rage.

Fari ya raba Bappa da shanunsa, sunansa ne ya rage masa. Je ka fito masa da shi daga gwangwani. Allah ya maido maka da baƙonka.