Ranar da Ƙararrawar Orville Ta Yi Shiru

Milwaukee, 2 ga Disamba

Yaya Orville,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Duluth bai daskarar da kai ba. Tunda ka daina ɗaukar waya, ga takarda, sai ka ce zamanin kakanninmu.

Ka ji labari? Royce Tackett, mai jefa ƙwallo a ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka, Maƙera, zai yi ritaya, kuma wasansa na ƙarshe a filinku na Masunta za a yi. Wato mutumin da ya daɗe yana sa ka kuka zai tafi, sai ka yi biki!

An yi mini aiki a gwiwa, ba zan iya zuwa ba. Amma ka san matarka, Yaya Bernadette, ba ta taɓa rasa wasansa a filinku ba, ita kaɗai da jan gyalen Maƙera a tsakiyar shuɗin rigunanku, kana kaɗa ƙararrawar shanun nan don yaransa su kasa jin umarninsa, ita kuma tana dungure maka ƙeya. Ka je mana. Kusan shekara ke nan da rasuwarta, an ce ko shagon aski ba ka leƙawa.

Ƙaninka,
Casimir

Duluth, 8 ga Disamba

Casimir,

Na samu saƙonka, Allah ya ba gwiwa lafiya. Ba zan je ba. Kujerunmu biyu na filin wasa ma na yanke shawarar bar wa ɗan maƙwabcina. Me zan yi da su? In zauna kusa da kujerar da babu kowa?

Shi kuwa Tackett ɗinku ya sauka lafiya. Ni dai ban taɓa ganin mutum mai ɓata wa jama'a ranar Lahadi irinsa ba.

Orville

Milwaukee, 12 ga Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Taurin kanka na nan yadda na san shi. A cikin ƙunshin nan akwai gyalenta. A motata ta manta shi ranar da na kai ta asibiti, na kasa ba ka. In ba za ka je don kanka ba, ka kai shi. Ai shi bai yi maka laifin komai ba.

Casimir

Duluth, 20 ga Disamba

Ƙanena Casimir,

Ina gaishe ka da iyali. Kai mugun yaro ne. Na je.

A wurin ajiye motoci Lorraine, wadda ke zama bayanmu, ta tare ni da kwanon wake mai yaji. "Orville! Ashe kana raye? Ina ƙararrawa?" Na nuna mata aljihu. Ta ce, "Yawwa, yau sai mun kurmanta tsohon nan!"

Na shimfiɗa gyalen a kujerarta. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. A watanninta na ƙarshe, ciwo ba ya barin yayarka ta yi magana sosai. Amma duk Lahadi, da ta ga Tackett ya karɓi ƙwallo a talabijin, sai ta miƙe zaune a gado tana ihu, tana ce mini, "Tsoho, kalli yadda ake jifa!" Har abinci takan ci. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma wannan mutumin da na yi ta zagi shi ne ke dawo mini da matata duk mako. Ban taɓa gode masa ba.

Ana dab da tashi, mun sha gabansu da nisa, Tackett ya shigo karo na ƙarshe yana ɗingishi, dusar ƙanƙara a kafaɗarsa. Ka san ɓangarenmu ba ya fara ihu sai na kaɗa. Kowa ya juyo yana kallona. Na ciro ƙararrawar, na naɗe ta cikin gyalen, na miƙe tsaye.

Lorraine ta ce, "Lafiyarka kuwa?" Na ce, "A bar mutumin nan ya yi aikinsa." Ta dubi gyalen, ta rufe bakinta. Shirun ya bi layi-layi har ya cinye ɓangaren gaba ɗaya, irin wanda ba ma yi wa kowa sai namu mai jefa ƙwallon. Casimir, a karon farko na ji muryarsa da kunnena. Ashe siririya ce! Ya ɗago ya dube mu, ya taɓa hularsa, sannan ya wurga ƙwallon nan ta faɗa hannun yaronsa a can ƙarshen fili. Na tafa masa har tafina ya yi zafi, na yi kukan da na kasa yi a maƙabarta.

Na gode maka, kai ma.

Yayanka,
Orville

Milwaukee, 26 ga Disamba

Yaya,

Na gani a talabijin, masu sharhi suna ta tambayar me ya sami mutanen Duluth. Ni ma na jiƙa matashin kujera. To, kujerun fa?

Casimir

Duluth, 30 ga Disamba

Casimir,

Ɗan maƙwabci ya nemi nasa. Ka warkar da gwiwar nan, baɗi kai za ka ɗaura gyalen. Amma ka gaya wa sabon mai jefa ƙwallonku ƙararrawa na nan tana jiransa.

Kuma ka kira ni ranar Lahadi, zan ɗauka.

Orville