Ranar Da Akwatin Gazuwal Ya Ba Ni Kore

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Motoci na ƙungiyarmu, Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki, ranka ya daɗe, ni ne Mala Kiyari, direban motar ɗaukar marasa lafiya da kuka ajiye a Gure. Sau biyu ina ba shugaban ofishinmu takarda ya miƙa maka, shiru kamar an shuka dusa. Shi ya sa na fito fili. Ba rashin kunya ce ta kawo ni ba, tsoro ne.

Na ɗaya. Bayan ƙaramar salla aka zo daga wajenku aka ɗaura wa motar wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari, aka sa mini manhajarsa a salula. Aikinsa lura da yadda direba ke ƙona gazuwal, wato man dizal. In ka taka totur da ƙarfi, ko inji ya yi kuka a ƙaramar giya, ko ka bar mota a kunne tana tsaye, sai ya yi ƙara ya rubuta. Ƙarshen yini ya ba ka launi, kore ko ja. Wanda ja ya yi wa yawa a wata, takardar gargaɗi. A ta uku ya ajiye makulli. Biyu suna aljihuna, kuma baki tara ke ci daga wannan makullin.

Na biyu. Ban ce akwatin maƙaryaci ne ba. A kan kwalta, daga Gure zuwa Gidigir, gaskiya yake faɗa, har ya gyara mini wasu halaye. Amma marasa lafiyarmu ba a bakin kwalta suke ba. Suna arewa da Kelle, cikin kwaruruka, bayan tudun rairayi. Tudu kuwa yana da dokarsa: ka rage iskar taya, ka sa kat-kat don tayoyi huɗu su ja tare, ka ɗauko gudu tun daga ƙasa a giya ta biyu, kuma ba ka ɗaga ƙafa sai hancin mota ya leƙa wancan gefen. Maigidana da ya koya mini tuƙi, Allah ya jiƙansa, ranƙwashi yake kai mini a gwiwa in na sassauta. Abin da ya koya mini da ranƙwashi, shi akwatinku ke kira ɓarna.

Na uku. Kada a ce na zauna na naɗe hannu. Na cire kan batir na mayar. Na goge manhajar na sake saukewa, sau biyu, a gefen ofis inda rezon waya ke kamawa. Na kai wa makanikenmu, ya duba ya ce an rufe akwatin da hatimi, ba zai sa hannu a ce shi ya lalata ba. Na kira lambar da ke jikinsa, wata baiwar Allah mai ladabi ta ce akwai saitin hanyar rairayi, amma ofishinku ne kaɗai ke da ikon buɗe shi. Ofishinku kuma ya ce in tambayi kamfani. Haka nake ta kai da kawowa, ja yana ta taruwa.

Na huɗu, shi ne dalilin wannan wasiƙa. Larabar makon jiya da hantsi aka kira mu wani kwari, inda kububuwa ta sari wani dattijo mai lambun dabino, Malam Ari, a ƙafa. Na tafi da majonmu, Malama Hadiza, mai jinya. Da tafiya na bi ta fako, hanyar zagaye, don kada akwatin ya yi kuka. Ba zan ɓoye wannan ba. Da muka ɗauko shi, Malama Hadiza ta ga dasashinsa ya fara jini, ta ce ba lokacin zagaye, mu yanke ta tudu.

Na rage iska, na ɗauko gudu yadda aka koya mini. Saura kaɗan mu kai ƙoli akwatin ya fara ƙara. Ranka ya daɗe, na rantse da Allah ban yi shawarar sassautawa ba. Ƙafata ce ta ɗaga da kanta, kamar hannun da ya taɓa murhu. Ƙiftawar ido ne, amma rairayi ba ya jira. Motar ta nutse har ciki.

Daga azahar har la'asar ta wuce muna tono, ni da ƙanen Malam Ari da ya rako shi, da shebur ɗaya da hannuwa. Ina tono ina jin nishin dattijon a bayana, yana ƙarfi yana raguwa. Malama Hadiza tana yi masa fifita. Wasu makiyaya ne suka ɗaura igiya, raƙumansu suka fisgo mu. Yanzu Malam Ari yana asibiti a Damagaram. Yana raye, alhamdu lillahi, amma har yau likitoci ba su ce za su bar masa ƙafar ba.

Da na ajiye mota na buɗe salula, sai na ga kore, na farko a wannan wata. Har da yabo, wai na rage totur da aka gargaɗe ni, kuma na kashe inji lokacin tsayuwa.

Tun ranar ba takarda ta uku nake tsoro ba kamar yadda nake tsoron ƙafata. Shekara goma sha tara tana jin maganar rairayi, wata huɗu kacal akwati ya sauya mata ubangida. Ban san abin da za ta yi a tudu na gaba ba.

Saboda haka ina roƙo. A buɗe mana saitin rairayi, in da gaske akwai shi. In babu, a kashe ƙarar nan duk lokacin da mara lafiya ke kwance a baya, a auna ni a kan kwalta yadda ake so. A janye takardun nan biyu, ko a turo wanda ya rubuta su ya zauna gefena mu hau tudu guda tare, in ya sauko da kore ni da kaina zan miƙa masa makulli. A kuma tambayi sauran direbobin daji, don ba ni kaɗai na koyi bin zagaye ba, ni ne dai na faɗa.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya sa ka gama aiki lafiya, ya kuma kiyaye naka daga kwanciya a bayan motar da direbanta ke tsoron totur. Kafin amsarka ta iso za a sake kirana, kuma tudun yana nan inda na bar shi. In hakan ta faru, zan taka har ƙasa in Allah ya ba ƙafar ikon ji. Ku shirya takarda ta uku.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mala Kiyari, direba, Gure.