Shanun da Na Zana

Ilorin, 9 ga Afrilu, 1974

Yaya Haladu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da mutanen Sule Tankarkar? Ni ƙalau nake, sai dai abincin makarantar nan bai karɓe ni ba.

Malamin zane ya sa mu zana gida. Na zana shanunmu goma sha huɗu a bakin rijiya, har da saniyar Inna mai karyayyen ƙaho. Ya yaba, amma ya ce babu maki sai kowa ya dubi aikinsa ya faɗi kuskurensa. Na ƙura wa takardar ido. Tun da farin nan ya shigo, wasiƙunka uku ba ka ambaci shanu ba.

Allah Ya kawo mana ruwa. Don Allah Yaya, kada ka ɓoye mini. Guda nawa zan goge?

Ƙaninka,
Sajo