Rasuwar Farfesa, Goggon Kurame

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Iyayen Yara Kurame ta samu labarin rasuwar Uwar Ƙungiya kuma Babbar Mashawarciyarta, Mai Girma Farfesa, Shugabar Sashen Binciken Kurumta ta Gado a asibitin koyarwa, wadda yaranmu da ɗalibanta suka fi sani da Goggo. Allah Ya karɓi ranta da hantsin ranar Talata, bayan jinyar mako biyu, tana da shekara sittin da ɗaya.

Marigayiyar ta shafe shekara talatin a wani ɗan ɗaki da ke hawa na uku, tsakanin madubin ƙara girman abu da firiza biyu masu ƙugi, tana nazarin wani sashe na can cikin kunne mai siffar dodon-koɗi. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗauke da gashi siriri wanda ido ba ya gani. Idan sauti ya shigo, gashin ya kaɗa, sai ƙwayar ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, mutum ya ji. Waɗannan ƙwayoyi idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Aikin Farfesa shi ne gano inda ƙwayoyin gado suke samun tangarɗa har a haifi yaro wannan sashe nasa ba ya aiki.

Ba a banza ta zaɓi wannan fanni ba. Ƙaninta, wanda tela ne a yau, an haife shi kurma, kuma ta tashi tana jin dangin mahaifinta suna ɗora wa mahaifiyarta laifi. Abin da ta riƙa nuna wa iyalai da sakamakon gwajin jini shi ne, a mafi yawan kurumtar gado, uba da uwa kowannensu yana ɗauke da rabin abin ba tare da ya sani ba, alhali dukansu suna ji garau. Ba ta yarda ta ba mace sakamako ita kaɗai. Sai an zo da miji, wani lokaci har da uwar miji, ta zaunar da su, ta zana musu kunne a bayan ambulan. Mambobinmu da dama sun shaida cewa a kan bencin da ke ƙofar ofishinta aurensu ya tsira. Wani direba daga cikinmu, wanda ya zo da niyyar rabuwa da matarsa bayan haihuwar kurma na biyu, ya ce Farfesa ta dube shi ta ce, "Ɗana, rabin nan naka ne. Ka ɗauki kayanka, ka daina jibga wa baiwar Allah."

Ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin magani ba. Abin da take faɗa wa iyaye shi ne a gwada jin jariri da wuri, a sa masa na'urar ji idan za ta amfane shi, kuma kowa a gidan ya koyi maganar hannu tun yaro bai yi wayo ba. Ita kanta ta iya, ko da yake ƙanin nata yakan ce hannunta na da in'ina. Takan kuma yi wa ɗalibanta raha cewa duk bincikenta bai gano dalilin da ya sa maigidanta ba ya jin kira idan yana karanta jarida ba.

A madadin Shugaban Ƙungiya, da Kwamitin Amintattu, da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Malam, tsohon shugaban makaranta, da 'ya'yanta uku, da jikokinta, da ƙaninta, da abokan aikinta. Allah Ya gafarta mata, Ya sa aikinta ya bi ta da lada, Ya ba iyalanta juriyar wannan babban rashi.

Muna kuma sanar da iyalai arba'in da uku da suke jiran sakamakon gwajinsu cewa jininsu yana nan a adane, kuma mataimakinta, Dakta, ya karɓi aikin. Zaman ganawa da iyalai na ranar Alhamis zai ci gaba da ƙarfe tara kamar kullum. Ana roƙon iyaye su sanar da yaransu wannan rasuwa da kansu, da hannu, a zaune, kafin su zo su tarar da wani a kujerarta.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiya kuma Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Iyayen Yara Kurame