Allurar Inna Ta Daskare

Akokan, tsakiyar bazara

Zuwa ga Yayana Habibullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hauwa da yara da dukan mutanen gida a Maraɗi. Allah ya ƙara rufin asiri, ya buɗa kasuwa, ya sauki Hauwa lafiya. Mu nan da sauƙi. Maigidana Fatahu yana nan yana kabu-kabu tsakanin Akokan da Arlit, kullum yana dawowa da ɗan abin cefane da babban ciwon baya. Yara suna zuwa lakwal, makarantar boko. Inna ba ta san na rubuta maka ba, kuma don Allah kada ta sani. Abin da ya hana ni kiranka ke nan. Wayata a shagon mai caji take yini, in kuma ta dawo gida, Innar nan da ke cewa kunnenta ya yi nauyi tana jin maganar waya ta bayan bango.

Firigon da ka aiko ya iso, ko ƙwarzane babu. Allah ya saka da alheri. Direban da ya kawo shi ya ce ka faɗa wa mutanen majalisarku cewa ka gama da matsalar allurar sukarin Inna. Yaya, da firigo kaɗai ke sanyaya magani da ka gama. Akokan ɗin da ka sani, inda muke kwana da fitila a kunne don babu mai tashi ya kashe, ta tafi tun da aka rufe ramin da kamfani ke haƙar yuraniyom. Yanzu kuran, wutar lantarkin nan, baƙo ne. Yana zuwa ba sallama, ya tafi ba ban kwana, wani lokaci kafin ka gama cewa alhamdulillahi. In ya tafi kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba, da ruwa yake tafiya, don injin da ke tura ruwan shi ma kuran yake ci. Famfonmu a buɗe yake kwana ya yini, da bokiti a ƙarƙashi, don mu ji ƙara in ruwan ya zo. Sau da yawa iska ce kawai yake hura mana kamar tsoho mai asma.

Ka tuna ranar da aka ba Baba gida a site, unguwar ma'aikata, muka baro bukkoki? Inna ta rarraba randunanta da tanon ƙarfe ga maƙwabta, tana cewa matar site ba ta ajiye ruwa. Kowa haka ya yi, ajiye randa a site abin kunya ne, kamar kana zargin kamfani da rowa. To yau matan site ne ke bin layin ruwa da bido, jarkokin roba, a bayan matan bukkoki, su kuwa suna kallonmu suna tambaya ko mun ɓata hanya ne. Ni da nake sayar da ƙanƙara da zoɓo mai sanyi, na koma sayar da zoɓo mai ɗumi, ina ce wa masu saye ai ya fi amfani ga maƙogwaro. Wasu suna yarda. Telan bakin kasuwa ya koma keken ƙafa, masu walda sun tafi haƙar zinariya, lambunan da ke shan ruwan wanke-wanken site sun bushe, tumatir sai an kawo daga nesa. Kwanaki wasu manya suka zo da motoci masu sanyi suka tara mu, suka yi ta maganar ci gaba da sababbin sana'o'i. Na miƙe na tambaye su wace sana'a ce ba ta shan ruwa, ba ta cin wuta, in kama ta gobe. Aka yi dariya, aka ce an rubuta maganata. Ana cikin rubutawa lasifikarsu ta mutu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mutanen garin nan mun koyi wata dabara: da kuran ya zo, kowa sai ya murɗa firigonsa har ƙarshe, ya cusa komai a ɗakin ƙanƙara na sama, nama da madara da ruwa, don ya tara sanyin da zai kai shi har wutar ta dawo. Kowa haka yake yi, kuma ga nama dabara ce mai kyau. To wani bawan Allah a gidan nan, ba zan faɗi sunansa ba amma ƙanwarka yake aure, ya ga kwalaben allurar Inna a ƙasa, ya ji tausayinsu, ya ɗauke su ya jera tsakanin ledojin ƙanƙarata. Suka daskare, kuran ya tafi suka narke, ya dawo suka sake daskarewa. Ba wanda ya ga laifin haka, mu a ganinmu sanyi ba ya yawa. Muka ci gaba da yi mata allura. Sai Inna ta fara shan ruwa kamar raƙumi, a gidan da ake auna ruwa da kofi, tana fita fitsari ba iyaka, tana rama. Ranar Juma'a tana zaune a kan sallaya ta kife.

Da muka kai ta likita, Majo Dassin, wata Buzuwa mai kirki da ke duba masu sukari, ta ɗaga kwalbar ta kalla, ta tambaye ni inda muke ajiyewa. Na faɗa mata. Ta ce maganin nan in ya daskare ya mutu, in zafi ya dafa shi ma ya mutu, duk kwanakin nan ruwa kawai muke tsira wa tsohuwa. Ta ce ba mu ne na farko ba a bazarar nan. Ta ba da shawara mu sa sabon maganin a ƙaramar tukunya cikin jiƙaƙƙen yashi, mu riƙa yayyafa ruwa. Na yi. Amma zafin bana yana shanye yashin kafin azahar, kuma ranar da famfo ya ƙi, sai in zaɓa tsakanin yashi da tukunyar tuwo da wanke ƙafar Inna. Don akwai wannan ma, ƙaya ta soke ta a diddige, wurin ya ƙi rufewa. Majo ta ce ƙafar mai sukari tana son wanki da ruwa mai tsabta safe da yamma, in ba haka ba maganar za ta kai ga yankewa. Ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa in muna da wani gari, mu kai ta.

Na san Maraɗi ma ba Makka ba ce, ku ma ana ɗauke muku. Amma kana da farantin sola a kan rufi, kana da rijiya a tsakar gida, likita kuma tana kusa da kai. Na yi wa Inna maganar, na bi ta nan na bi ta can, duk wayon da nake sayar da zoɓo da shi na zuba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malam yana kwance a garin nan, ni kuma in tafi neman sanyi?" Daga nan ta juya fuska bango. Kabarin Baba take nufi, ka san ta. In aka ce don lafiyarta ne, ko an ɗaure ta a kan mota sai ta sauko.

Saboda haka ga abin da nake so ka yi, kuma ba ƙarya zan sa ka ba. Hauwa ta kusa, mahaifiyarta kuma Allah ya yi mata rasuwa bara. Wa zai yi mata wankan jego? Ka kira Inna da kanka, ka ce ba ka da babbar mace a gida, ba ka yarda da hannun kowa a kan jaririnka ba sai nata. Ka ɗan marairaice, ka iya, da haka ka ci gashin ƙirjin kaza duk yarintarmu. Kada ka ambaci sukari, kada ka ambaci ƙafa, kada ka ambaci sunana. Ka gaya wa Hauwa ita ma ta roƙe ta, kuma ta samo wata a unguwa da za ta yi aikin ruwan zafin, Inna ta zauna a kujera tana ba da umarni, wanda dama shi ta fi ƙwarewa a kai. Fatahu zai rako ta da maganin a cikin kula, wannan karon na koya masa inda ake sawa. Ya kuma yi alkawarin zai riƙa ziyartar kabarin Baba, ka faɗa mata haka in ta tambaya. Amma ka yi sauri, Yaya. Ƙafar nan ba za ta jira ranar suna ba.

Na san in ta hau motar nan da wuya ta sake ganin Akokan, kuma ina jin ita ma za ta sani. Ba yaudararta nake so mu yi ba. So nake ka ba ta dalilin da za ta iya faɗa wa maƙwabta ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Ka gaishe mini da Hauwa da jiki, da Bashir da Fiddausi, da Gwaggo 'Yargata, da Kawu Illi in ya dawo daga ƙauye. Fatahu yana gaishe ka, cikin ladabi fiye da yadda ya saba. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa mu gama da ita lafiya. Ina sauraron ƙarar wayarta.

Taka ƙanwa,
Siddiƙa